Rubutun Jirgin Yaya Namata

Da sunan Allah nake farawa, shi ne masanin abin da ke cikin ƙiraza. Wannan babi na daɗe ina kewaye shi kamar yadda ɗan fito ke kewaye dutse a ruwa. Ku 'ya'yana kun taso kuna jin cewa ubanku ya ceci mutanen Gaya daga nutsewa a kogi, har na taɓa jin ɗayanku yana ba abokansa labarin da alfahari, ban gyara masa ba. 'Ya'yan wana Namata kuwa, can Yawuri, sun taso suna jin cewa ƙanin ubansu ya yi masa hassada, ya kunyata shi a bainar jama'a, ya raba shi da garin haihuwarsa. Kowane gida ya riƙe rabin da ya fi masa daɗin ji. Cikin manyan da suka ga abin da idonsu ni kaɗai na rage, saboda haka ga shi yadda ya faru.

Mu biyu ne maza a wurin Inna. Mahaifinmu ɗan fito ne, yana ƙetarar da mutane tsakanin Gaya da Malanbil, kuma ya rasu ban yi wayon riƙe kamanninsa ba. Yaya Namata ya girme ni da shekara takwas, shi ya ɗauki filafili tun kafaɗarsa ba ta gama ƙwari ba. Da aka zo neman yaran da za a sa lakwal, wato makarantar boko, kowane gida ya ba da ɗaya, ni aka bayar, shi kuma ya haɗa aikina da nasa bai taɓa yi mini gori ba. Inna tana banda kifi tana sayarwa. Da yake shi ne ɗan farinta, ba ta taɓa kiran sunansa, sai dai ta ce mini "yayanka", in tana yi wa wani magana kuma ta ce "babban". Ni kuwa Bawa take kirana da ƙarfi tun daga ƙofar gida har bakin ruwa.

A lakwal ban yi nisa ba, kuma hannuna ne ya jawo. Mushe, malaminmu, yana son haruffa su tsaya tsaye sirara, kai ɗaya, kamar gardawan da ke gadin ƙofar kumandan, Baturen da ke mulkin gari. Ni kuwa hannuna ya riga ya saba a makarantar allo da tumbin harafin nun da lanƙwasar wutsiyar harafin ya, duk abin da na rubuta sai ya fito da ciki da kumatu. Na sha duka a bayan yatsu har suka yi kanta. Na iya miƙaƙƙen rubutun daga baya, don duka yana koyarwa, amma da zarar Mushe ya juya baya sai haruffan su koma su yi ƙiba. Na fita ba satifika, na dawo gida ina jin kunyar Yaya, wanda ya yi shekaru yana tuƙa jirgi shi kaɗai don in zama ma'aikacin biro, wato ofishin gwamnati. Abin da ya ce kawai shi ne, tunda hannun ya ƙi na Nasara, in nemi abin da yake so.

Wani tela ne ya fara ganin zanen da nake yi da gawayi a jikin katangarmu, ya kawo mini katako da ragowar fenti ya ce in rubuta masa sunansa. Daga nan aka fara. Buroshina na farko da gashin wutsiyar akuya na ɗaura shi a kan tsinken giginya. Fenti daga Kamba ake kawo mini, in sirka shi da kananzir. Ina fara zana harafi da alli, in kifa murfin gwangwani ko bakin ludayi in zagaye don cikinsa ya cika, in kashe duk wata kusurwa mai tsini har ta koma kamar gwiwar jariri. Sannan in cika shi da ja ko rawaya, in sa masa baƙar inuwa ta gefe guda, in ɗiga masa fari a kafaɗa kamar hasken da ke kan sabon tulu. Ban cika jera su a layi sak ba, nakan bar wannan ya ɗan jingina da wancan, wani ya ɗan ɗaga sama. Matan kasuwa ba su san boko ba, amma sun ba kowane harafi suna. O ƙwarya ce, B mai tagwaye, S ƙugiya, G kuwa mace mai goyo. Sukan ce rubutun Bawa dariya yake yi. Na rubuta wa masu kanti, da masu tuwo, da wanzamai, da direbobin kamiyon, manyan motocin kaya da ke zuwa Doso da Faraku, da masu goro a jikin huhunansu, da 'yan fito a goshin jiragensu.

Ku da kuka taso kuna ganin irin waɗannan haruffa masu kumatu a jikin ledar alewa da littafin yara, inji yana fitar da su dubu a rana, ba za ku gane nauyin abin a wancan zamani ba. A lokacin rubutu iri biyu ne a Gaya. Akwai miƙaƙƙe, baƙi a kan fari, wanda ake kafawa a ƙofar biro da wurin duwan masu karɓar kuɗin fiton kaya, kuma duk ranar da aka kafa sabo mutane sun san ko haraji ne, ko aikin hanya, ko hani. Akwai kuma nawa. Wanda bai iya karatu ba yana karanta siffa. Shekarar da agana ta ɓulla a ƙauyukan yamma, malamin likita, wani mutumin Dahome, ya kafa sanarwar lambar rigakafi da miƙaƙƙen rubutu, mata suka ɓoye 'ya'yansu a rumbu. Sai ya zo rumfata ya ce in sake rubuta masa ita da hannuna. Maganar ɗaya ce, ban canja ko harafi ba, amma da aka kafa allon a bakin kasuwa sai ga mata da goyo suna tambaya ina ake yi.

Akwai kuma wata al'ada tawa da ta ƙara wa abin ƙarfi, kuma dole in faɗi gaskiyarta. Ba na shafa fenti a kan katako sai na kankare shi da wuƙa na ga lafiyarsa. In na tarar da gara ko ruɓa, sai in ce wa mai shi ya gyara tukuna. Ba tsoron Allah ne ya sa na fara haka ba, tsoron sunana ne, don fenti a kan ruɓaɓɓen itace damina ɗaya yake yi ya ɓare, a ce aikin Bawa ba ya ƙarko. Amma mutane suka mayar da shi shaida. Mata masu kai banda kasuwar Malanbil in sun zo bakin ruwa sai su duba goshin jirgi, in da hannuna a jiki su ɗora kaya su shiga da 'ya'yansu ba tambaya. Ban nemi wannan amana ba, amma na san da ita, kuma ina jin daɗinta.

Shekarar da nake son ba ku labarinta ita ce wadda aka fara sauke ƙarafa da siminti a bakin kogi don gina gada. Duk ɗan fito ya san ranar da mota ta bi ta kan ruwa, filafilinsa ya zama itacen wuta. Yaya yana da mata da 'ya'ya biyar, ba shi da sana'a sai ruwa. Ya yi tunani ya ga ƙaramin jirgi ba zai rayu bayan gada ba, sai babba wanda zai bi kogin a tsaye yana cin kasuwannin gaɓa. Ya sayar da rabonsa na fadamar shinkafar da mahaifinmu ya bari wajen Tunuga, ya haɗa da ƙaramin jirginsa, ya gangara ƙasa ya dawo da wani ƙaton jirgin katako da ya sha aiki a hannun wani. Ranar da ya iso da shi rabin unguwa sun fito kallo. Ban taɓa ganin fuskarsa a sake haka ba. Ya ce sunan jirgin Albarkar Inna, kuma doka ta ce kowane babban jirgi sai an rubuta masa suna da lamba kafin ya ɗauki mutum. Ya dafa kafaɗata ya ce in yi masa haruffan da za a hango daga ƙetare.

Aka jawo jirgin kan yashi, aka kife shi a kan gungume. Da hantsi na zo da wuƙata na fara kankara daga goshi. Goshin lafiya lau, gefe ma haka. Da na gangaro ƙasa wajen baya, inda aka shafe da kwalta mai kauri, na danna wuƙar sai ta nutse har ƙota kamar na soka ta a dafaffiyar kabewa. Na matsa gaba na sake, ta sake nutsewa. Katako uku ne a jere, an cusa tsumma a tsakaninsu an lulluɓe da kwalta, aikin wanda ya san abin da yake ɓoyewa. Na aika aka kira Yaya. Ya tsuguna ya sa yatsa a ramin, ya daɗe bai ɗago ba. Daga yadda yake lalubar ramin na gane bai sani ba lokacin da ya saya, kuma na gane ba shi da abin da zai sayi sabon katako da shi a wannan wata. Ya ce ruwa bai cika ba tukuna, ƙetarawa ce kawai ba doguwar tafiya ba, shi ya san inda igiyar ruwa take, zai ɗora masu nauyi a gaba, in aka ci kasuwa biyar ko shida zai gyara kafin baƙin ruwa, babbar cikar kogi, ya iso. Na ce masa mata da jarirai ne za su shiga saboda sun ga hannuna.

"Bawa," ya ce, "shekara ashirin ina ƙetarar da mutane ban jiƙa wa kowa zane ba. Hannunka suka sani, nawa ba su sani ba?"

Gaskiya ya faɗa. Na ce zan yi tunani, na tattara kayana.

Da la'asar Inna ta kira ni. Na tarar da ita a bakin murhun banda tana juya kifi, hayaƙi yana sa ta ƙifta ido. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta tuna mini shekarun lakwal, ba da gori ba, kamar mai ba da labarin wasu mutane. Ta ce babban ya sayar da ƙasar ubansa, ba shi da wurin komawa, kuma gari duka ya san ni ne zan yi rubutun, in aka ga wani ya yi za a tambayi dalili. Na ce mata itacen ya ruɓe. Ta ce ta ji, kuma shi ma ya ji, ya kuma yi alkawari zai gyara.

"Kai rubutu aka ce ka yi," in ji ta. "Ruwa kuma na Allah ne da na wanda ya san shi. Bai taɓa roƙonka kome ba sai wannan."

Na ce mata to. Wannan "to" ita ce farkon laifina, don lokacin da na faɗe ta zuciyata ba ta tare da ita.

Uwarku a lokacin tana da cikin babbarku, kuma ita ma tana kai banda ƙetare duk ranar kasuwa. Ba mai yawan magana ba ce, kun sani. Da safe tana zuba mini kunu na ba ta labarin katakon da abin da Inna ta ce. Ta daɗe tana motsa kunun, sannan ta ce ita ba za ta shiga tsakanin mutum da uwarsa ba, amma in sani ita ma ba ta san lafiyar itace ba, goshin jirgi take dubawa kamar kowa. Ta ƙara da cewa in ba zan yi ba, in koma in gaya wa Yaya tun yau, a cikin gida, ƙofa a rufe. Shawara ce mai kyau, kuma ban bi ta ba, don ba ni da ƙarfin halin in sake tsayawa gaban Inna in warware abin da na ce.

Al'adata ce in kewaye aiki da shingen zana har ya bushe, saboda awaki da yatsun masu son taɓawa. Na kewaye goshin jirgin, na shiga ni kaɗai da alli. Na zana Albarkar Inna da hannuna na gaskiya, kuma na rantse ban taɓa zana haruffan da suka kai su ba. Kowace A ta zauna daram kamar mace a kan tabarma, B ta cika ta batse, K ta miƙa ƙafa kamar za ta taka rawa. Na ja baya na dube su, sai na ga a raina matan bakin ruwa suna hango su daga tudu suna saukowa da kwanduna. Na ga uwarku a cikinsu. Sai na jiƙa tsumma na goge su duka. Na ɗauko wani miƙaƙƙen katako na ja layi biyu, na rubuta sunan da lambar da baƙin fenti a kan fari, sirara, a tsaye, irin wanda Mushe ya koya mini da duka. Ina yi ina gaya wa kaina cewa na sami hanya: ban ƙi umarnin Inna ba, tunda ga rubutu na yi, ban kuma yaudari mata ba, tunda ban sa hannun da suka sani ba, ban kuma tona asirin Yaya ba, tunda bakina bai furta kome ba. Har wani sanyi na ji a raina, irin na wanda ya ɗauka ya fi kowa dabara. Yaya ya zo sau biyu yana son leƙawa, na ce masa fenti bai bushe ba.

Ranar kasuwar Malanbil aka sa za a fara aiki. Inna ta toya masar sadaka, liman ya zo ya yi addu'a, surukan Yaya sun zo daga Tanda, 'yan fito duka suna tsaye. An riga an tura jirgin ruwa, zanar tana rufe da goshinsa. Yaya da kansa ya kwance igiyar ya yaye ta. Na ga bayansa ya sandare. Matan da suka riga suka sauko da kaya a ka suka tsaya cik a inda suke. Gwaggo Maimuna, wata tsohuwa mai banda da duk matan bakin ruwa ke bin bayanta, ta matso ta dubi rubutun, ta tambayi wa ya yi shi. Aka ce mata Bawa. Ta juyo ta neme ni cikin mutane har ta same ni.

"Ɗan nan, kai ka rubuta wannan?"

Na ce ni ne.

"Hannun naka ciwo yake yi?"

Da na ce mata i, da ta yi dariya ta shiga, sauran su bi ta. Da na ce itacen ne ba lafiya, da aƙalla na faɗi gaskiya da bakina na ɗauki nauyinta. Ban yi ko ɗaya ba, na sunkuyar da kai ina kallon yashi. Ta ɗan jira, sannan ta gyara kwandonta ta wuce zuwa wani ƙaramin jirgi da ke gefe. Sauran matan suka bi ta ɗaya bayan ɗaya, ba gudu ba, ba hayaniya, wasu ma suna yi wa Yaya barka da arziki suna wucewa. Masar sadaka tana nan a faifai ba wanda ya ƙara miƙa hannu. Yaya ya shiga ƙaton jirgin nan da maza uku da buhun albasa biyu, ya ƙetare da su, gari yana kallo.

Da azahar ya zo rumfata. Na miƙe na ba shi kujera, bai zauna ba. Bai ɗaga murya ba, kuma da ya ɗaga da ya fi mini sauƙi.

"Da ka ce mini a'a a tsakar gida," ya ce, "da na yi fushi kwana uku na huce, na nemi katako ko a ina. Ka ce wa Inna to. Sannan ka je ka rubuta a goshin jirgina, da sunanta, cewa ni mai kashe mutane ne."

Na ce ban gaya wa kowa kome ba.

"Kai da ka koya wa garin nan karatu, kai ne za ka ce ba ka faɗa ba?"

Ya juya ya tafi. Ya ƙara gwada kasuwa biyu, ba wadda ta shiga. Maganar ta riga ta zagaya har Tunuga da Tanda, kowa yana ƙara mata gishiri, har aka ce da gangan ya sayi mataccen jirgi don ya kwashi abin da zai kwasa kafin gada. Kafin wata ya ƙare ya ɗora matarsa da 'ya'yansa da tukwanensu a cikin wannan jirgi, ya sallami Inna, ya gangara Yawuri. Ni bai sallame ni ba. Ina tsaye a tudu ina kallo har suka sha kwana, ina sane da abin da ke ƙarƙashin ƙafar yaran nan.

Inna ba ta tsine mini ba, ba ta ma taɓa tayar da zancen ba. Ta ci gaba da aiko mana da kifi, ta karɓi haihuwar babbarku, ta yi mata wanka. Amma da can takan zo rumfata ta zauna a inuwa tana kallon yadda nake zagaya harafi tana dariya, kuma daga ranar ba ta sake takowa ba. Kiran nan da take yi mini tun daga ƙofa ya daina, sai ta aiko. Ta yi shekara shida a haka tana kallon hanyar ruwa. A ciwon ajalinta ina zaune kusa da kanta, da ni da uwarku, sai muka ji ta ce "Namata". Sau biyu ta faɗa, a fili, sunan da ba ta taɓa furtawa ba tun da ta haife shi. Na aika a gaya masa, amma saƙo a lokacin tafiyar ƙafa yake yi. Ya iso ranar addu'ar uku. Ya gaisa da kowa, ni ma ya ba ni hannu ya yi mini gaisuwa irin wadda baƙo ke yi wa mai rashi, washegari ya koma.

Akwai abu biyu da ban taɓa gaya wa kowa ba. Na farko, aikina ya bunƙasa bayan wannan rana. Mutane suka ce Bawa ko ɗan'uwansa bai raga wa ba, sai aka riƙa zuwa daga Doso da Kamba ana neman hannuna. Gidan da kuka girma a ciki, da karatun da kuka yi, akwai kunyar Yaya a cikin tubalinsu. Duk wanda ya yabe ni a kan abin, nakan yi murmushi in karɓa. Na biyu ya fi muni. Na yi shekaru, duk lokacin da wani ya taso daga Yawuri, ina tambayarsa labarin jirgin, kuma a can ƙasan raina akwai wani abu da ke jiran a ce ya nutse. Ba na son kowa ya mutu, Allah ya sani. Amma ina son a ce na yi daidai. Labarin bai taɓa zuwa ba. Jirgin ya yi ta ɗaukar albasa da kanwa da mutane lafiya har ya tsufa aka farfasa shi. Sai na koma ina tuhumar wuƙata, ina cewa wataƙila ruɓar ba ta kai yadda na zata ba, wataƙila na raba uwa da ɗanta a kan katako uku da za su iya riƙewa.

Sai da furfura ta cika mana kai duka biyu, aka aiko mini cewa yana kwance. Na shiga mota ta Kamba na tafi. Na same shi a zaure a kan tabarma, ya rame, hannayen nan da suka tuƙa ni zuwa lakwal sun zama kamar kara. Ya gane ni, ya sa aka kawo mini ruwa. Muka yi zancen gada, da waɗanda suka mutu, da yadda kogin ya ja baya. Can na yi ƙarfin hali na ce masa na ji jirgin bai taɓa ba shi matsala ba, ashe ni ne na yi kuskure a kan itacen. Ya dube ni kamar yana mamakin har yanzu ban sani ba. Ya ce a hanyar gangarowa, kwana biyu da barin Gaya, ruwa ya fara shiga ta baya, matarsa da manyan yaran suka yi ta kwalfewa da ƙwarya har suka kai gaɓa. Ya yi wata biyu yana yi wa wani kafinta ƙodago kafin ya sami katako ya canja duka ukun, kuma bai ɗauki mutum ko ɗaya ba sai da ya gama. Ya hana iyalinsa faɗa wa kowa, don kada labarin ya hau ruwa ya iso Gaya.

"Wuƙarka ba ta yi ƙarya ba," ya ce. "Da matan nan sun shiga, da wata rana na kashe su. Na san haka tun a hanya. Ba itacen ne ya hana ni dawowa ba."

Na ce na sani. Na durƙusa a gabansa, ni mai jikoki, na ce ya yafe mini abin da na yi masa a bakin ruwa. Na jira in ji ya ce ya yafe. Abin da ya ce shi ne, "Allah ya yafe mana baki ɗaya." Sannan ya ce in ci abinci kafin mota ta tashi. Bai kai damina ba.

To, kun ji. Matan sun tsira, kuma ba na nadamar goge allin. Abin da nake nadama shi ne tafiyar da ba ta fi taku hamsin ba, daga ɗakina zuwa ɗakinsa, wadda uwarku ta ce in yi da safe ban yi ba. In kun je Yawuri wurin 'yan'uwanku, kada ku tafi musu da labarin ceto. Ku gaishe su, ku zauna inda suka nuna muku, in sun faɗi nasu rabin ku saurara har su gama, don ubansu ya biya shi da tsada.